Ƙibar Mushe Mudassir

Ango ba ya zuwa wurin sa ranarsa. Kowa a Maijirgi ya san haka. Manya ke zuwa da goro, su zauna a zaure su yanke magana, shi kuwa yana can gida yana jiran labari.

Amma Baba Na Allah ya ce wannan angon sai ya zo da kansa. Da ƙafarsa, babu sanda, babu mai riƙe shi, tun daga gidan yayarsa da ke bakin titi har zauren marigayi Malam Jibo. Idan ya iso manya suka dube shi suka ga mutum, a sa rana. Idan bai iso ba, a mayar masa da goron tambayarsa, kowa ya kama gabansa.

Baba Na Allah ba mugu ba ne. Ƙanen Malam Jibo ne, kuma tun rasuwar yayansa maganar auren Shamsiyya, ɗiyar marigayin, a hannunsa take. Shi ya karɓi goron Mudassir hannu biyu, lokacin Mudassir yana malamin lakwal, wato makarantar boko, dogo mai fara'a, yara da manya suna kiransa Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Sai bara da bazara, ana tsakiyar darasi, littafi ya suɓuce daga hannunsa na hagu, shi ma ya bi littafin ƙasa. Hawan jini ne, wanda a nan ake ce wa tansiyo. Ya farfaɗo da shanyewar ɓarin jiki.

Daga ranar Inna Zara'u, mahaifiyar Shamsiyya, ta ce atafau. Ita ma da hujjarta. Irin wannan ciwon ne ya kwantar da Malam Jibo, shekaru ta yi tana juya shi a kan tabarma, tana wanke shi, tana ba shi fura a baki. Ta ce abin da ta gani ya isa gida ɗaya, ɗiyarta ba za ta gaje shi ba.

Ga kuma Anwar, ɗan gwaggon Shamsiyya, mai motar haya tsakanin Tasawa da Maradi. Lafiyayye, ga abin hannu, ga zumunta. Duk zuwan da zai yi sai ya sauke wa Inna wani abu daga bayan mota.

Shamsiyya ba yarinya ba ce da za a ja da kunne. Ta yi lakwal har kwaleji, tana da shagon ɗinkinta, kuma ta ce Mushe take so, ko a zaune ko a tsaye. Da rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ne Baba Na Allah ya kafa sharaɗinsa, ya ajiye Juma'ar farko bayan an gama cire gyaɗa. Inna ta ƙara nata a kai: kafin ranar, kada Shamsiyya ta taka gidan. Duk damina muryarsa kaɗai take ji a waya.

Sai labari ya fara yawo a gari, daga bakin rijiya har mahauta. Mushe ya tashi. Mushe yana takawa. Mushe ya yi jiki.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ɗaukar hankali. A nan, idan mutum ya daɗe a kwance, ba wanda ke tambayar lokotoro, wato likita, ko ya warke. Kumatunsa ake dubawa.

*

Ranar Alhamis da hantsi, gobe ke nan za a zo, Raihana yayar Mudassir ta shigo shagon Shamsiyya da ƙunshin kaya, bakinta har kunne.

"Amaryarmu, ki buɗa mana wandon ga. Ya ƙi hawa. Rigar ma ta kama shi ga ciki."

Shamsiyya ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ɗauki almakashi.

"Kin ga aikina ko?" in ji Raihana, ta zauna a benci. "Romon kai da ƙahwa kullum, da magi isasshe. Ga kilishi. Kunun kanwa sahe da marece, ga jiƙo da nike sa ma kanwa ungurnu don jijiya ta saki. Wallahi ko takalmi ba su shiga, sai da munka yanke bayansu."

Almakashin ya tsaya.

"Takalmi, Yaya?"

"Takalmi hwa. In ya tashi da sahe har idanunshi shigewa suke."

Shamsiyya ta ajiye wandon a kan keke. Ta taɓa jin irin wannan murna. A watanninsa na ƙarshe Malam Jibo ma ya yi jiki, mutane suna shigowa suna yi wa Inna barka. Da numfashi ya fara gagararsa aka kai shi Maradi, ita aka tura ɗakin lokotoro saboda tana jin Faransanci. Lokotoron ya danna ƙwaurin mahaifinta da babban yatsa, ya ɗauke, rami ya zauna bai cike ba. Ya ce mata tansiyon da ya bugi kai ya daɗe yana cin ƙoda a ɓoye, wannan da ake gani ruwa ne jiki ya kasa fitarwa. Ya ce da an zo da wuri, da akwai abin yi.

Ta ja ƙofar shago ta sa kwaɗo.

"Ina za ki?" in ji Raihana.

"Gidanki, Yaya."

"Dokar Inna hwa?"

Shamsiyya ta riga ta yi gaba.

*

Ta same shi a ƙarƙashin rumfa, zaune a kujerar roba, yana hutawa daga zagayen tsakar gida. Daga nesa kowa zai ce masha Allah. Fuska ta cika, wuya ya cika, bakin da ya karkace ya kusa komawa daidai. Da ta matso ta ga fatar tana sheƙi, kuma kafaɗunsa suna ɗagawa da kowane numfashi.

"Shamsiyya!" Ya yi ƙoƙarin miƙewa. "Inna ta san kin zo?"

"Mushe, miƙo ƙahwarka."

Murmushinsa ya ɗauke. Ya ja ƙafar ƙarƙashin kujera.

"Ba gaisuwa?"

"Miƙo."

Ta durƙusa ta kama ƙafar da kanta, ta ɗage zanen da ya rufa. Ta danna ƙwaurin da babban yatsa, ta ɗauke. Su uku suka tsaya suna kallon ramin.

"Nama ne bai gama ƙwari ba," in ji Raihana. "Mutumin da ya daɗe kwance, ai haka..."

"Hitsarinka hwa?" Shamsiyya ta tambaye shi.

"Subhanallahi!" Raihana ta dafe ƙirji. "Ke ɗiyar ga, ina kunyarki? Mutumin da ko rana ba a sa muku ba?"

Gaskiyar Raihana. Budurwa ba ta yi wa saurayinta wannan tambaya, ko a cikin raha. Amma Shamsiyya ba ta janye ba, shi kuwa ƙasa ya kalla ya amsa.

"Kaɗan. Da kumhwa, kamar an kaɗa sabulu."

"Ƙwayoyin tansiyo?"

"Na aje su. Jiri suke sa ni in na miƙe, ni kuwa tahiya nike koyo."

Ta nuna wasu jajayen ƙwayoyi a kan tabarma, irin na ciwon jiki da masu tebur ke sayarwa a kasuwa.

"Waɗannan hwa?"

"Ba don su ba, ba ni iya taka ƙahwar ga ko zuwa ƙohwa."

"Su ke ƙarasa ƙodar, Mushe. Su da kanwar ga da gishirin ga."

"Na sani."

Ta ɗago ta dube shi.

"Majo, mai kula da ɗakin shan maganin garin ga, ya gani tun damina ba ta hita ba," in ji shi a hankali. "Ya ce in tahi Tasawa a yi analiz, a auna jini da hitsari, in ta kama a wuce da ni Maradi. Na ce mishi to."

Raihana ta zauna daɓas a ƙasa. Ita dai yau ta fara ji.

"Ka sani," in ji Shamsiyya. "Ka sani, kullum ka kira ni ka ce lahiya lau."

"Saurara, Shamsiyya. Gobe a sa rana. Baba Na Allah ya ce in anka sa, ba a wuce ƙarshen kaka. A ɗaura. Washegari ki kai ni duk inda kike so, ko Yamai ne. Amma in na hau mota yau, kahin in kai Tasawa labari ya kai kunnen Inna. Mai shanyewar jiki ma ta ƙi, ina ga an ƙara mata da ciwon ƙoda?"

"Ƙarshen kaka da nisa."

"Ba nisa."

"Babana ma haka anka ce. A bari a gama girbi."

"Ni ba babanki ba ne! Ni yaro ne, jinina da ƙarhi."

"Jinin naka ne ya kayar da kai gaban ɗalibai."

Maganar ta yi masa zafi, ta gani, kuma ta yi nadamar yadda ta fito. Ya juya fuska, hawaye suka gangaro kan kumatun da gari ke yabo.

"Kin san mi ya tashe ni daga tabarma?" ya ce. "Zauren ga naku. Lokacin da Yaya ke ɗaga ni kamar jinjiri, ni ina kallon rufin ɗaki in ce sai na shiga zauren ga da ƙahwata. Na hwaɗi a tsakar gidan ga har goshina ya san kowane dutse. Lakwal sun sa wani a ajina. Abokai sun rage zuwa. Ke kaɗai kinka rage mini, Shamsiyya. In kinka buɗa baki gobe, kin riga ƙodar kashe ni."

"In na yi shiru hwa? In zauna in yi lalle, ina kallon ruwa shina hawa ƙirjinka?" Kuka ya ƙwace mata. "Na ga yadda abin ga ke ƙarewa, Mushe. Ba ka gani ba, ni na gani. Mutum zaune, ba shi iya kwanciya, shina neman iska kamar wanda anka danna cikin randa. Ina sonka, wallahi ina sonka, amma ba ni son in zama amarya da takaba a kaka ɗaya."

"To ki bar ni in mutu da aurenki a kaina. Ya hi mini."

"Ni bai hi mini ba."

Raihana ta rarrafo ta kama ƙafar Shamsiyya, babbar mace da ita.

"Don Allah, don Annabi, ki rufa mana asiri. Ni na ɗura mishi kanwar ga da hannuna, ban sani ba. Daga yau na bari. Gobe ɗaya, ƙanwata. Kada wahalarshi ta tahi a banza."

Shamsiyya ta janye ƙafarta a hankali, ta goge fuska da gefen mayafi. Ta koma shago ta buɗa wandon, ta kuma sake masa ƙafa har ya sauko ya rufe idon sawu.

*

Kafin magariba ta tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Motar Anwar tana ƙofar gida, shi kuma yana tsugune gefen tabarma yana ɗiban ɓararriya yana watsawa a baki.

"A'a, ga amaryar Mushe," in ji shi. Tsakaninsu akwai wasan taubasai, yana faɗa mata abin da ya ga dama. "Gobe ina sahun gaba. Sai na ga mutumin da ya kayar da ni da ƙahwa ɗaya da rabi."

Da dariya ya faɗa, amma bai iya haɗa ido da ita ba. Anwar yana sonta da gaske, abin da ya sa wasan bai yi daɗi ba ke nan. Ya kaɗe hannu ya yi wa Inna sallama ya fita.

Inna ba ta ɗago ba.

"An ce an gan ki bakin titi."

"E, Inna."

"Na hana, kinka tahi. To, ya wuce." Ta fasa gyaɗa ɗaya, ta jefa a ƙwarya. "Tunda kin gan shi da idonki, hwaɗa mini. Abin da mutane ke cewa, ƙiba ce?"

Inna ce ta yi shekaru tana wanke ƙafafun Malam Jibo. Kalma ɗaya ta ishe ta ta gane.

"Ya cika, Inna," in ji Shamsiyya.

Inna ta dube ta. Sannan ta sauke numfashi.

"Ni ban ƙi yaron ga don ƙiyayya ba. Yaron kirki ne. Bayana nike ji har yau in hadari ya taso, shi ne ba ni so miki. Amma in Allah ya ba shi lahiya, ni wace ce? In ya iso gobe, na sa albarka. Allah ya ba ku zaman lahiya."

Wannan maganar Shamsiyya ta fi shekara tana jira. Ta zo kuma, ba ta ji daɗinta ko kaɗan ba. Ta ce amin, ta zauna ta ja ƙwarya gabanta, suka ci gaba da ɓara.

*

Juma'a bayan la'asar, hanyar da ta taso daga titi zuwa gidan Malam Jibo ta cika. Ba wanda aka gayyata. Masu amalanke sun tsayar da jakunansu a gefe, mata suna leƙe ta kan danga.

A zaure Baba Na Allah yana zaune a kan buzu da dattawan gida. Gefe guda Kawu Yusha'u ne, waliyyin Mudassir, wanda ya zo daga Kona da ƙunshin goro a gabansa. Anwar yana bakin ƙofa. Shamsiyya kuwa tana inda ya kamata budurwa ta kasance a irin wannan rana, can ciki, sai dai ta manne da ƙofar zaure ta baya, inda tsagar kara ke nuna mata hanya.

Ta hango Mudassir. Farar riga, hula, wando har ƙasa. Yana jefa ƙafar dama, ya jawo ta hagu, hannun hagu a naɗe a ƙirji. Ba sanda. Raihana tana biye daga nesa, hannuwanta a buɗe kamar mai bin yaron da ke tatata.

A gindin wata darbejiya ya tsaya. Gari ya yi tsit. Ya daɗe a tsaye, kansa a sunkuye, sannan ya sake jefa ƙafa. Wani tsoho ya yi kabbara.

Ya iso. Ya ɗaga ƙafar hagu da kansa ya tsallake dokin ƙofa, ya yi sallama, ya zube a gaban Baba Na Allah. Daga waje wata ta rangaɗa guɗa.

"Masha Allah!" in ji Baba Na Allah, yana dubansa sama da ƙasa. "Kai Mushe, gyaɗar bana kai ɗaya ka cinye ta? Ku dubi wuya! Yusha'u, mi kuke ba yaron ga?"

Dattawa suka yi dariya. Da yamma kumburin fuska yakan sauka, ya bar mutum da kyan gani. Riga ta rufe ciki, wando ya rufe ƙafa. Ɗinkin ya yi kyau, ba wanda zai ce komai.

Mudassir bai yi dariya ba, don ba shi da iskar yi. Dattawa sun ɗauka gajiyar hanya ce. Shamsiyya kuwa daga bayan ƙofa tana jin numfashin, gajere, da wani ɗan ƙara a ƙarshensa kamar ruwa a maƙogwaron buta. Ta san wannan ƙaran.

"To, alhamdu lillahi," in ji Baba Na Allah. "Mun ce ya zo, ya zo. Mu ba mu magana biyu. Yusha'u, kwance goro. A yi hwatiha, sannan mu duba wata."

Kawu Yusha'u ya fara kwance igiya. Dattawa suka ɗaga hannuwa.

Shamsiyya ta tura ƙofa ta shiga.

Tun da aka gina zauren nan ba a taɓa ganin budurwa ta shigo wurin sa ranarta ba. Hannuwan dattawa suka tsaya a sama. Ta durƙusa daga gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ke!" in ji Baba Na Allah. "Lahiyarki? Koma ciki!"

"Baba, ku gahwarce ni. Magana ɗaya."

"Shamsiyya," in ji Mudassir, da ɗan abin da ya rage masa na murya. "Don Allah."

Ba ta dube shi ba. Ta san idan ta duba ba za ta iya ba.

"Baba, kahin ku shahwa, ku ɗage wandon ku danna ƙwaurinshi."

"Wace irin magana ce wanga?" in ji Kawu Yusha'u.

Baba Na Allah ya dubi ɗiyar yayansa, ya ga hawaye suna ɗiga daga haɓarta zuwa tabarma. Ya matso. Mudassir ya so ya janye ƙafa, amma ta hagu ce a kusa, ita kuwa ba ta jin umarni da sauri. Tsohon ya ɗage wandon, ya danna, ya ɗauke yatsa.

Ramin ya zauna.

Baba Na Allah shi ya yi wa yayansa wanka ranar da ya rasu. Bai san sunan ciwon da Faransanci ba, amma yatsunsa sun san wannan naman.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Ƙoda ce, Baba," in ji Shamsiyya. "Irin ta babana. Majo ya ce a kai shi tun damina, ya ƙi tahiya don kada ku ji. In anka jira biki, ban san wanda za a ɗaura ma auren ba."

Baba Na Allah ya sauke wandon, ya gyara shi da hannunsa har ƙasa.

"Yusha'u, ɗaure goronka."

"Baba." Mudassir ya dafa ƙasa da hannun dama. "Kun ce in zo da ƙahwata. Na zo. Gari duka ya gani."

"Ka zo, ɗana. Wallahi ka zo."

"To ku cika mini."

"Ba ni sa ranar da ban sani ba ta biki ce ko ta zaman makoki. Uwar ɗiyar ga ta sa albarka bisa abin da anka hwaɗa mata, abin kuwa ba haka yake ba." Ya juya bakin ƙofa. "Anwar, motarka da esansi a tanki?"

"Da shi, Baba."

"Jawo ta. Maradi, yanzu. Kada ka tsaya ɗaukar kowa."

Daga cikin gida aka ji ƙarar ƙwarya ta faɗi. Inna ta ji komai.

Mudassir ya yi yunƙurin tashi da kansa, ƙafa ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Abin da yake da shi ya riga ya ƙarar a hanya. Anwar ya shigo, ya tsuguna ya juya masa baya. A gaban mutanen da suka yi masa kabbara ɗazu aka fito da Mushe a goye, farar rigar tana jan ƙasa. Wadda ta yi guɗa ta rufe baki da hannu.

Aka kwantar da shi rabin zaune a kujerar baya. Raihana ta shiga ta ɗaya gefen tana kuka, ta tallafe kansa. Kawu Yusha'u ya shiga gaba, ƙunshin goro a cinyarsa.

Shamsiyya ta fito da gudu, ko takalmi babu. Ta riƙe ƙofar mota, ta sa ƙafa ɗaya ciki.

Mudassir ya buɗe ido. Bai dube ta ba, ƙeyar Anwar ya kalla.

"Malam Anwar," ya ce, yana yanka maganar da numfashi. "In ɗiyar ga ta shiga, ka sauke ni nan. Na rantse."

"Haba, Mushe," in ji Anwar.

"Na rantse."

Shamsiyya ta tsaya. Ta san shi, ba ya rantsuwa a banza. Zuciyarta ta karye a wurin, amma ba lokacin tsayawa lallashi ba ne, rana tana yin ƙasa kuma Maradi da nisa.

Ta janye ƙafarta. Ƙafarsa ta hagu ta zamo tana reto a bakin ƙofa, shi bai ma ji ba. Ta sunkuya ta ɗaga ta da hannu biyu ta mayar ciki, ta rufe ƙofar a hankali don kada ta buge shi. Sannan ta zagaya wajen tagar direba.

"Anwar," ta ce, "ka yi sauri."